Daga *wretched* zuwa *ellendig*: yadda ake mai da kalmomin ƙunci da ƙasƙanci daga Turanci zuwa Holanci

Akwai kalmomin da idan ka kuskure wajen fassara su, murmushi kawai za a yi, a gyara maka, a wuce. Akwai kuma waɗanda kuskurensu zagi ne. Kalmomin ƙunci da talauci da wulaƙanci suna cikin kashi na biyu, domin kusan kullum a kan wani ake faɗarsu, mutumin da duniya ta riga ta juya wa baya. Ka yi niyyar cewa "bawan Allah, abin tausayi", sai ga "ɗan banza" ya fito daga bakinka. Abin da ke samun wanda ya ɗauki kalmar Turanci *wretch* ke nan, ya buɗe ƙamus, ya ɗauko kalmar Holanci ta farko da idonsa ya faɗa a kai.

Holanci harshen mutum wajen miliyan 25 ne: a Holand, da arewacin Beljiyam da ake kira Filandas, da Suriname a Kudancin Amurka, da wasu tsibirai irin su Aruba da Curaçao. Wannan jagora na mai Turanci ne a hannu wanda ke koyon Holanci, ko ɗalibi, ko tafinta, ko wanda zama ya kai shi can yake son ya faɗi halin da ya shiga ba tare da an yi masa gurguwar fahimta ba. Turanci da Holanci 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa mai koyo ke sakin jiki. A wannan fage sakin jikin ne ke ka da mutum.

Mataki na farko: mai da jimlar Hausa kafin ka taɓa ƙamus

Turanci ya saba ɗora wa kalma ɗaya kaya huɗu ko biyar. Holanci yakan raba kayan, kowane da mai ɗaukarsa, kuma rabon nasa ya fi kusa da namu. Bahaushe ya san talauci da fatara a aljihu suke, ƙunci da baƙin ciki a zuciya. Ya san wulaƙanci da tozarci da cin mutunci ba sa faɗowa daga sama, sai da wanda ya aikata su. Ya san lalacewa da taɓarɓarewa sannu a hankali suke cin abu. Saboda haka ka faɗi jimlar da Hausa tukuna, ka saurari kalmar da bakinka ya zaɓa da kansa. Rabin aikin ya ƙare a nan.

Idan bakin ya yi jinkiri, yi wa jimlar tambayoyi. Mai maganar tausayi yake ji ko tsana? Wani ne ya yi wa mutumin abin, ko hali ne ya same shi? Ciwon a ina yake, jiki, zuciya, aljihu ko wurin kwana? Shin mutum ake magana a kai ko abu? Tambayar farko ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

Wuri ɗaya ne Hausa ke yin irin abin da Turanci ke yi, kuma ya kamata ka san shi don ya zame maka faɗakarwa. Tsiya rashi ce, tsiya kuma mugun hali ce. Matsiyaci na iya zama wanda bai da ko sisi, yana kuma iya zama wanda ake zagi, sai murya da yanayi su bambanta. Haka *wretch* take ba ragi ba ƙari. Idan "matsiyaci" ce ta zo maka, to da sauran aiki: sake tambayar kanka wanne daga cikin matsiyatan biyu ake nufi.

Mataki na biyu: raba *wretch* da *wretched* gida-gida

Asalin kalmar ya cancanci a tsaya a kansa. A tsohon Turanci *wrecca* na nufin wanda aka kora daga ƙasarsa. Kalmar Holanci da ta fi kowace tsayawa a gurbinta, wato *ellende*, daga saiwa dabam ta fito, amma labarinsu ɗaya. An gina ta da *el*, ma'ana "wani dabam", wadda ke cikin *elders* na Holanci da *else* na Turanci, sai kuma *land*, ƙasa. *Ellende* tun fil'azal zama ne a ƙasar da ba taka ba. Al'ummu biyu, kowace da hanyarta, suka kai ga cewa babu wahalar da ta kai ta rabuwa da gida, har sunan baƙunta ya koma sunan wahala. Wanda ya ji an ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Abin ban mamaki, 'yar'uwar *wrecca* a Jamusanci, *Recke*, hanyar sama ta bi, ta koma nufin jarumi.

Yanzu ga rabon. Idan *wretch* mutum ne da ake tausaya wa, Holanci na da *stakker*, *stumper*, *arme drommel*, da *arme sloeber* idan rashin abin hannu ne ya fi fitowa fili. Waɗannan su ne "bawan Allah" ɗinmu. Idan kuwa tsana ce a bakin mai magana, to *ellendeling* ce, ko *schoft*, ko *schurk*: mugu, azzalumi, marar mutunci. Tarkon na nan a *ellendeling*. Mai koyo yakan ga *ellende* a cikinta ya ɗauka wanda wahala ta sama ake nufi. A maganar yau, wanda ke jefa mutane cikin wahala ake nufi. Kada ka taɓa kiran ɗan gudun hijira ko marar lafiya da ita.

Sifar *wretched* ta fi sunan rassa. Mutumin da ya ce *I feel wretched*, idan jiki ne, zazzaɓi ko tashin zuciya, zai ce *ik voel me beroerd*. Idan zuciya ce, ko duka biyun, *ik voel me ellendig*. Kada ka manta da *me* ɗin nan, a irin wannan jimla Holanci ba ya barin fi'ilin ji ya tafi ba tare da ita ba. Idan yanayin zama ne, gida ko kurkuku ko sansani, kalmar da jaridu suka fi so ita ce *erbarmelijk*, daga *erbarmen*, jinƙai: *erbarmelijke omstandigheden*, yanayin da ke neman a ji ƙan wanda ke cikinsa. Idan ƙanƙantar abu ce, albashin da bai taka kara ya karya ba, *armzalig* ce: *een armzalig loon*. Aikin da aka yi shi a banzance kuwa *belabberd* ne.

Sai *wretched* ta takaici, wadda Bature ke jefa wa motar da ta ƙi tashi ko ruwan da ya ƙi ɗaukewa. A nan Holanci na liƙa *rot* a gaban suna: *rotauto*, *rotweer*. Hausa za ta ce "tsinanniyar motar nan". A titi za ka ji ana liƙa sunayen cututtuka a wannan gurbi, domin zagin mutanen Holand da cuta ake yin sa: *pest* (annoba), *tering* (tarin fuka), *tyfus* (zazzaɓin taifot), *klere* wadda ta fito daga kwalara, da *kanker*, ciwon daji. Ka gane su idan ka ji, amma kada ka ɗauka. Ta ƙarshen musamman tana yi wa mutane ciwo sosai, don gidaje da yawa akwai wanda cutar ta ɗauke musu.

Akwai kuma *wretched* ta manyan rubuce-rubuce, mai nufin waɗanda duniya ta yasar. Littafin Frantz Fanon na 1961, wanda Turanci ya sani da *The Wretched of the Earth*, sunansa a Holanci *De verworpenen der aarde*. *Verworpen* daga *werpen* take, jifa: waɗanda aka jefar. Ba a kiran maƙwabci da ita, ta mumbari ce da takarda.

Mataki na uku: talauci, ƙazanta, da baƙin ciki

*Misery* ba ta da wuya. *Ellende* na ɗauke ta kusan ko'ina, kuma *wat een ellende!* na cikin jimlolin da za ka fi ji, tun daga jinkirin jirgin ƙasa har zuwa yaƙi. Idan ciwon zuciya ne mai zurfi, irin na rashin ɗa, *leed* ta fi nauyi da ladabi, *verdriet* kuma baƙin ciki ce tsantsa. A Holand za ka ji *misère*, a Filandas *miserie* ce a bakin kowa. *Miserabel* ma tana nan, sai dai ba ta da yawan fita kamar *miserable* ta Turanci, kuma idan Bature ya ce wane *miserable* ne yana nufin mai ɗaure fuska da ƙorafi, Holanci zai ce *chagrijnig*.

A wajen talauci, *arm* ce uwa, *armoede* kuma sunan. *Destitute*, wanda ya rasa komai, shi ne *berooid* ko *straatarm*, talakan da talaucinsa ya kai shi titi. Takardun hukuma da ƙungiyoyin agaji sun fi son *behoeftig* da *noodlijdend*, mabuƙaci. Bambanta *arm* da *armoedig*: ta farko halin aljihu ce, ta biyu kamannin abu ne, riga ko ɗaki da talauci ya nuna a jikinsa. Ka ce wa mutum gidansa *armoedig* ne, ka ci masa fuska, ko da gaskiya ka faɗa.

*Squalor* ce ke ba tafinta wahala, don babu kalmar Holanci guda da ta haɗa ƙazanta da rashi da sakaci kamar yadda ta haɗa. Kada ka tilasta. Yi amfani da biyu: *vuil en ellende*, datti da wahala, ko *vervuiling en verwaarlozing*, ƙazancewa da rashin kula. Sifar *squalid* na zama *smerig* ko *vervuild*. Ɗakin da ya kusa rushewa *krot* ne, unguwar irinsu *krottenwijk* ko *sloppenwijk*. *Sordid* kan bar dattin jiki ta koma na hali: *vunzig* idan batsa ce, *onverkwikkelijk* idan wata badaƙala ce da ba a son tonawa.

Karin magana ma na da amfani a nan, kuma na Holand warin teku suke yi. *Aan lager wal raken* na nufin karayar arziki, asalinsa jirgin ruwan da iska ta tura gaɓar da ba zai iya fita ba. *Aan de bedelstaf raken* shi ne mutum ya kai ga sandar bara, inda mu za mu ce ya ɗauki ƙoƙo. *Van de regen in de drup*, daga ruwan sama zuwa ɗigon indararo, shi ne an gudu ba a tsira ba.

Mataki na huɗu: *degradation*, inda aka fi faɗuwa

Kalmar *degradatie* na nan a Holanci, harafi biyu-uku ne kawai suka raba ta da ta Turanci. Amma tambayi kowane yaro a Rotterdam ma'anarta, ƙwallo zai kawo maka. *Degradatie* faɗuwar kulob ce daga babban rukuni zuwa na ƙasa, daga Eredivisie mai kulob 18 zuwa Eerste Divisie. Masu bin ƙwallo za su tuna VVV-Venlo, inda Ahmed Musa ya je daga Kano Pillars a 2010, inda kuma Tijani Babangida ya taɓa wasa tun kafin ya koma Ajax. A 2013 kulob ɗin ya faɗi, kuma *gedegradeerd* ita ce kalmar. Ma'anarta ta biyu rage girma ce a aikin soja ko ofis, a sauke mutum daga muƙami. Asalinta na Latin ma haka yake, *gradus*, matakala. Idan ka rubuta cewa an yi wa fursuna *degradatie*, mai karatu zai ɗauka igiya aka cire masa a kafaɗa.

Wulaƙancin ɗan'adam kalmomi biyu ne manya, kuma hanya mafi kyau ta ganin bambancinsu ita ce dokoki biyu da suka yi amfani da kalmar Turanci guda. Sashe na 5 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1948, ya haramta azabtarwa da abin da ya kira *degrading treatment*. Fassarar Holanci ta ce *onterende behandeling*. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan'adam, wadda aka sa wa hannu a Rum a 1950, shi ma *degrading* ya ce, amma Holancinsa *vernederende* ne. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ta koma wa *onterende*. Wanda ke fassara takardar lauya dole ya duba wace doka ake ambato, ya bi kalmarta. Wannan ba wurin zaɓin rai ba ne.

To mene ne bambancin a kunne? *Vernederen* na ɗauke da *neder*, ƙasa-ƙasa, wadda ke cikin sunan ƙasar kanta, Nederland. Ma'anarta a sauke mutum ƙasa. *Humiliate* ta Turanci ma daga *humus* ta Latin ta fito, turɓaya. Kunnen Bahaushe kuma na jin "ƙasa" a cikin ƙasƙanci. Don haka ka haɗa su uku a kanka: *vernedering*, ƙasƙanci. *Onteren* kuwa *eer* ce, daraja ko mutunci, aka sa mata *ont* mai nufin cirewa. Cin mutunci ke nan, ko zubar da shi. Mun ce mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa, kuma nauyin da *onteren* ke da shi ke nan, ta fi *vernederen* tsufa da zafi. Yi hattara da ita idan mace ce a jimlar, don a tsohon amfani tana nufin keta haddinta.

Daga nan aka gina *mensonterend*, abin da ke tuɓe wa mutum mutuntakarsa, da *mensonwaardig*, abin da bai dace da ɗan'adam ba. A watan Agustan 2022, lokacin da ɗaruruwan masu neman mafaka suka riƙa kwana a waje a ƙofar cibiyar Ter Apel da ke lardin Groningen, har ƙungiyar likitoci ta Artsen zonder Grenzen ta yi aiki a cikin Holand karo na farko a tarihinta, waɗannan kalmomi biyu ne suka cika labarai. Su ne kalmomin da ke tuhumar yanayin su bar wanda ke cikinsa da darajarsa. A ganina duk mai aikin tafinta tsakanin baƙi da hukuma ya kamata ya haddace su kafin sauran.

Ƙananan 'yan'uwansu ba su da rikici. *Demean* da *belittle* su ne *kleineren*, daga *klein*, ƙarami: ƙanƙantar da mutum, raina shi. Idan mutum ne ya zubar da girmansa da kansa, *zich verlagen tot*. *Disgrace* ita ce *schande*, abin kunya a idon jama'a, *schaamte* kuma kunyar da mutum ke ji a ransa. Ƙamus zai ba ka *smaad* a gurbin *ignominy*, amma ka sani a yau sunan laifi ne, ɓata suna, yana sashe na 261 na kundin laifuffukan Holand.

Idan ba mutum ba ne, hanya ta sake rabuwa. Unguwar da ta lalace, shara ta taru, shaguna suka rufe, *verloedering* ce ta same ta, kuma 'yan siyasa na son kalmar lokacin zaɓe. Idan talaucewa ake son a nuna, *verpaupering*. Gini ko daula da ke ruɓewa, *verval*. Sinadarin da ke narkewa ya rarrabu, *afbraak*, shi ya sa ledar da ƙasa ke iya cinyewa ake rubuta mata *biologisch afbreekbaar*. A kimiyyar ƙasa kuwa *degradatie* kan koma daidai da Turanci, cikin *bodemdegradatie*, gajiyar ƙasar noma. Wanda zai yi rubutu kan kwararowar hamada a Sahel *verwoestijning* yake nema, daga *woestijn*, hamada. Kada ya rikita ta da *verwoesting*, wadda rugujewa ce irin ta yaƙi ko girgizar ƙasa.

Mataki na biyar: masu kama da wane

Kama da wane ba ta wane. Bayan *degradatie* akwai wasu uku da ya kamata ka sa wa jar alama a littafinka.

*Abject* na cikin harsunan biyu da rubutu iri ɗaya. A Holanci hukunci ne a kan hali: abin ƙyama, ƙasƙantaccen aiki. A Turanci sau da yawa ƙarfafawa kawai take yi. *Abject poverty* ita ce *bittere armoede*, talauci mai ɗaci, ko *schrijnende armoede*, daga fi'ilin da ke nufin raɗaɗin gyambo idan tufa ta goge shi. Za ka ci karo da *abjecte armoede* a wasu rubuce-rubucen da Turanci ya yi wa tasiri, amma ni ba na ba da shawarar ta, don tana iya sa a ji kamar talaucin ne abin zargi. *Abject failure* kuwa *een jammerlijke mislukking* ce.

*Pathetic* ba *pathetisch* ba ce. *Pathetisch* jawabi ne mai cika baki da zuzuta motsin rai. Abin da Bature ke nufi shi ne *zielig*, daga *ziel*, rai. Ita ma wuƙa ce mai baki biyu. *Wat zielig!* a kan yaron da ya ɓata tausayi ne. *Doe niet zo zielig* ga babba raini ne, wato daina langaɓewa. Mutanen Holand ba sa son a ga su *zielig*, kuma mai fama da rashi ko naƙasa ya fi kowa ƙin ta. *Sneu* ta fi ta sauƙi, kamar a ce "kash, ba daɗi".

Ta uku labari ne mai daɗi. Turanci na cewa *forlorn hope* ga fatan da ba shi da makama. Daga Holanci aka are ta a ƙarni na 16, *verloren hoop*, amma *hoop* ɗin nan tari ce, rukunin sojojin da ake turawa gaba ana sane da wuya su dawo. Turawan Ingila suka ji ta kamar kalmarsu ta fata, suka tafi da ita a haka. *Forlorn* ita kaɗai a yau *verlaten* ce, wanda aka yasar, ko *troosteloos*, wanda ya rasa mai rarrashi.

Ƙarin faɗakarwa ga mai tsallaka iyaka: a Filandas *sukkelaar* mutum ne abin tausayi, a Holand kuwa *sukkel* wawa ne.

Mataki na shida: ɗinka kalmar a cikin jimla

Yawancin kalmomin Turanci na wannan fage baƙi ne daga Latin da Faransanci, waɗanda suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, shi ya sa ba a ganin cikinsu. Na Holanci a gida aka ƙera su, kana iya kwance su kamar injin keke. *Ver* a farko yakan nuna sauyin hali, sau da yawa zuwa lalacewa. *Ont* cirewa ce. *Loos* a ƙarshe rashi ne, kamar "marar" ɗinmu: *dakloos*, marar rufi, wato marar wurin kwana. Ka riƙe waɗannan uku, za ka karanta kalmomi da dama da ba ka taɓa gani ba.

Koyi kowane suna tare da *de* ko *het* ɗinsa, wato *the* ɗin Holanci. Duk mai ƙarewa da *ing* irin waɗannan, ko da *heid*, *de* ce: *de vernedering*, *de smerigheid*. Haka *de ellende*, *de armoede*, *de schande*. Amma *het leed*, *het verval*, *het verdriet*, *het krot*. Amfanin wannan na fitowa a sifa, wadda idan ta zo a gaban suna galibi takan ɗauki *e* a ƙarshe, sai a wuri ɗaya: idan sunan tilo ne, na *het* ne, kuma ba a ayyana shi ba. Saboda haka *een ellendige nacht* da *het ellendige leven*, amma *een ellendig leven*.

Fi'ilan da suka fara da *ver* ko *ont* ba sa ɗaukar *ge* a shuɗaɗɗen lokaci: *vernederd*, *onteerd*, *verloederd*. A nan akwai kuskuren da 'yan ƙasar kansu ke yi. *Hij vernedert haar*, yana wulaƙanta ta, da *t* take. *Hij is vernederd*, an wulaƙanta shi, da *d*. A kunne sautinsu ɗaya ne, a takarda kuwa harafin ne ke bambanta su.

Furuci ba zai ɗauke ka lokaci ba idan ka yi makarantar allo, domin *g* da *ch* na Holand kusan harafin *kha* ne na Larabci. *Sch* kuma *s* ce sai *kha* ta biyo, kamar a *schande*. *Oe* ita ce *u* ɗinmu, don haka *armoede* na fita kamar "armuda". *Lijk* a ƙarshen kalma a gajarce ake faɗarta, kusan "lak". A *ellende* da *ellendig* nauyin murya na kan gaɓa ta biyu.

Mataki na bakwai: gwada ta kafin ka sake ta

Bayan ka zaɓi kalma, juya ta baya. Nemo ta a ƙamus na Holanci zalla, Van Dale shi ne wanda kowa ke komawa gare shi, ka karanta ma'anar da misalan, ka ga ko sun yi daidai da Hausar da ka faɗa a matakin farko. Idan tsohon rubutu ne a gabanka, akwai Woordenboek der Nederlandsche Taal, wanda aka fara fitarwa a 1864 aka kammala a 1998, kuma yana intanet kyauta. A ɓangaren Hausa, ƙamus ɗin Bargery na 1934 har yau yana taimakawa wajen tantance kalmomi irin su tozarta da muzanta da wulaƙanta. Daga nan ka rubuta kalmar a wurin bincike na shafin labaran NOS na Holand ko VRT na Filandas, ka duba abokan tafiyarta. Idan duk labaran da suka fito na ƙwallo ne, ka san ka ɓata hanya.

Bari mu bi jimla ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: *The wretched men lived in abject poverty and squalor, and the guards' treatment of them was degrading.*

Da Hausa: bayin Allah suna zaune cikin baƙin talauci da ƙazanta, masu gadi kuma suna wulaƙanta su. Tausayi ne a bakin mai magana, saboda haka *ellendelingen* ta fita, *stakkers* ta shigo. "Baƙin talauci" ya nuna *abject* ƙarfafawa take yi, sai mu ɗauki *bittere*. Talaucin ya riga ya ɗauki rabin *squalor*, abin da ya rage datti ne, *het vuil*. Wulaƙancin kuma yana da masu aikata shi, don haka *vernederend*, kuma Holanci ya fi son a ba masu gadin fi'ilinsu kai tsaye. Sai jimlar ta zama: *De stakkers leefden in bittere armoede en in het vuil, en de bewakers behandelden hen op een vernederende manier.*

Idan rahoto ne na hukuma ko takardar kotu, cire *stakkers* ɗin ma, ka rubuta *de mannen*, mutanen, kawai. Tausayin da ya dace a labari yana iya zama raini a takardar da su kansu za su karanta su sa hannu. In kuma mutumin yana zaune a gabanka ne kana yi masa tafinta, ya ce "sun wulaƙanta ni", faɗi *ze hebben mij vernederd*. Idan ya ce "sun ci mutuncina", dakata ka tambaye shi abin da aka yi masa kafin ka zaɓi tsakanin *vernederd* da *onteerd*.